Digirin haɗin gwiwa: Abin da makon rajista ke nufi ga ɗaliban yammacin Zamfara

A duk farkon shekarar karatu, matasa daga ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum kan kama hanyar Gusau ko Sakkwato ko Talata Mafara ɗauke da takardunsu a cikin leda, domin yin rajista a manyan makarantu. Babu jami'ar gwamnati ko ɗaya a cikin waɗannan ƙananan hukumomi uku, saboda haka duk mai neman digiri sai ya bar gida.

Wasu daga cikinsu ba jami'a suke nufa kai tsaye ba. Kwalejin ilimi suke shiga, su yi karatun digiri a harabarta, a hannun malamanta, amma takardar shaidar da za su karɓa a ƙarshe ta fito da sunan wata jami'a da watakila ba su taɓa taka ƙafa a cikinta ba. Wannan shi ne tsarin da aka fi sani da digirin haɗin gwiwa.

Tsarin ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da halin zuwa nesa. Sai dai kuma ya sa ɗalibi yana da iyayen gida biyu, kuma a 'yan kwanakin farko na tantancewa da wayar da kai da rajistar kwasa-kwasai ne ake ɗaure abubuwan da za su iya gyara masa shekaru huɗu ko su ɓata su.

Asalin tsarin

Reno tsakanin babbar makaranta da ƙarama tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Durham ta Ingila tun 1876. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar Landan ta riƙa bayarwa har zuwa 1962. A Arewa ma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta yi shekaru a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

Daga baya kwalejojin ilimi suka gaji wannan hanya. Na tarayya da ke Zariya da Kano sun daɗe suna karantar da digiri a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin a ɗaukaka su zuwa jami'o'in ilimi. A Zamfara, Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, ta bi wannan sahu ita ma da jami'ar ta Zariya. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, ta shirya nata digirin tare da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, domin malaman da ke bakin aiki.

A Amurka akwai wani salo mai kama da wannan, inda ɗalibi kan yi rajista a ƙaramar kwaleji da jami'a a lokaci guda, kamar yadda Jami'ar Texas A&M ke yi da Kwalejin Blinn. A can ɗalibin yana halartar darussa a wuraren biyu. A Najeriya kuwa galibi yana zaune ne a kwaleji, jami'a tana duba manhaja da tambayoyin jarrabawa da sakamako, majalisar malamanta kuma ita ke da maganar ƙarshe a kan wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Dalilin da ya sa ake rububin tsarin

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 1 ga watan Oktoban 1996, ta yi shekaru 17 ba ta da jami'a. Sai a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, ta jiha kuma da ke Talata Mafara ta biyo baya a 2018. Kafin nan, ɗan Gummi ko ɗan Anka mai neman digiri Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello yake dosa, inda zai yi gogayya da 'yan jihohi da dama a kan gurabu ƙalilan.

Akwai kuma maganar maki. A taron tsara manufofin shiga manyan makarantu na 2025, hukumar JAMB da shugabannin makarantu sun tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin ilimi da na fasaha. Ɗalibin da makinsa bai kai shi jami'a ba yana iya soma karatun NCE na shekara uku, daga nan ya nemi digiri ta hanyar shiga kai tsaye, inda akasari akan ajiye shi a aji biyu.

Ga malamin firamare a Nasarawar Burkullu ko Ɗaki Takwas, wanda ke riƙe da NCE kuma yana da iyali, wannan ita ce hanyar da ta fi kusa ta samun ƙarin girma a wurin aiki. Ga iyayen da ba su yarda 'yarsu ta je makarantar da ke haɗa maza da mata ba, kwalejin mata ta Gusau tana warware musu matsalar da ke hana 'ya'ya mata da yawa wuce sakandare.

Ƙofa uku kafin a zama ɗalibi

Samun suna a allon sanarwa na kwaleji bai mai da mutum ɗalibi ba. Akwai matakai uku da ke gabansa, kuma kowanne yana da nasa tarko.

Na farko shi ne JAMB. Tun 2017 hukumar, a ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta fito da tsarin da ake kira CAPS, wanda ya wajabta cewa duk gurbin karatu ya bi ta rumbunta, ɗalibi kuma ya shiga shafinsa da kansa ya karɓa, sannan ya buga takardar shaidar gurbin. Ga mai digirin haɗin gwiwa, ya kamata takardar ta nuna digiri ne aka ba shi, kuma ta ambaci kwalejin da jami'ar da ke renonta. Idan ta nuna NCE alhali shi digiri yake karantawa, to matsala tana jiran sa a shekarar ƙarshe.

Na biyu shi ne tantancewa. Nan ake duba sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB mai kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tun 2021 kuma lambar katin ɗan ƙasa, NIN, ta zama tilas ga mai rajistar jarrabawar JAMB, kuma daga rumbun hukumar katin ake ɗauko suna da ranar haihuwa.

A nan ne wata al'ada ta ƙasar Hausa ke jawo wahala. Yaro guda yana iya zama Muhammadu Sani a makarantar firamare, Sani Muhammad a takardar NECO, a katin ɗan ƙasa kuma a ƙara masa sunan garinsu. Ranar haihuwa ma sau da yawa mai shagon intanet ne ya ƙirƙira ta don cike gurbi. Jami'in tantancewa yana iya kau da kai, amma kwamfuta ba ta yin haka, kuma gyaran suna yana cin kuɗi da watanni.

Na uku shi ne biyan kuɗi da rajistar kwasa-kwasai. Makarantun tarayya suna karɓar kuɗi ne ta hanyar Remita tun bayan da gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya a 2015. Bayan biya ne ɗalibi zai zaɓi kwasa-kwasansa a shafin makaranta, ya buga fom, ya kai wa jami'in kula da ajinsa da shugaban sashe su sa hannu.

Wannan fom shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninsa da makaranta a wannan zango. A ƙa'idar yawancin manyan makarantu, kwas ɗin da ɗalibi bai yi wa rajista ba, ko ya zauna jarrabawarsa, ba a lissafa masa. Wanda ya yi wa rajista kuma bai zauna ba, faɗuwa ake rubuta masa. Da yake manhajar jami'a ce ake bi, kuskuren lambar kwas guda yana iya ɓoyewa har sai lokacin da aka kai sakamakon ƙarshe gaban jami'a, sannan a ce ɗalibi ya dawo ya ƙara shekara.

Haramtattun gurabu

Ba ɗalibai kaɗai ke yin kuskure ba. A ƙarshen 2021 JAMB ta bayyana cewa ta gano gurabun karatu sama da dubu 700 da manyan makarantu suka bayar ta bayan fage, ba tare da sun bi ta CAPS ba, kuma mafi yawansu a kwalejojin fasaha da na ilimi ne. Gwamnati ta yi afuwa ga waɗanda aka ɗauka tsakanin 2017 da 2020, aka buɗe musu hanyar halatta gurabunsu. A 2024 hukumar ta ja kunnen makarantu cewa ba za ta ƙara yin wannan sassauci ba.

Illar wannan tana bayyana ne a ƙarshe. Hukumar yi wa ƙasa hidima, NYSC, tana duba jerin sunayen ɗaliban da JAMB ta tabbatar kafin ta kira mutum. Wanda sunansa ba ya ciki ba zai je hidimar ba, kuma ba tare da takardar kammala hidima ko ta yafewa ba, samun aikin gwamnati a matsayin mai digiri yana da wuya. A watan Maris na 2025 alawus ɗin masu hidimar ya koma naira dubu 77 a wata, kuɗin da gida mai ƙaramin ƙarfi ke lissafi da shi tun kafin yaro ya gama karatu.

Akwai kuma bambancin da sabbin ɗalibai da yawa ba su sani ba, tsakanin karatun cikakken lokaci da na ƙarshen mako ko na lokacin hutu. Masu na biyun ba a tura su hidimar ƙasa. Takardar cirewa ake ba su. Ga malamin da ya haura shekara 30 wannan ba komai ba ne, domin dama shekarunsa sun yafe masa. Ga matashi ɗan shekara 19 kuwa, zaɓi ne da ya kamata a bayyana masa kafin ya biya ko sisin kwabo.

Bashin karatu ma ya rataya ne a kan rajista. Asusun NELFUND, wanda ya soma karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana neman lambar JAMB da NIN da lambar banki ta BVN, kuma sai makaranta ta shigar da bayanan ɗalibi kafin ya iya nema. Wanda takardunsa suka saɓa da juna yana iya rasa wannan dama, alhali kuwa irinsa ne aka kafa asusun dominsa.

Hanya da tsaro

Duk waɗannan dokoki ɗaya ne ga ɗan Legas da ɗan Bukkuyum, amma farashin bin su ya bambanta. Titin da ya tashi daga mahaɗar Mayanchi ya ratsa Anka zuwa Ɗaki Takwas da Gummi ya sha fama da tare hanya da garkuwa da mutane. A farkon watan Janairun 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnatin jihar kuma ta ce 58. Idan aka ce wa ɗalibi ya koma gida ya kawo wata takarda daga sakatariyar ƙaramar hukuma, tafiya biyu aka ƙara masa a wannan hanya.

Su kansu makarantun ba su tsira ba. An sace 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe ranar 26 ga watan Fabrairun 2021. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a watan Satumban 2023 kuma aka kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. Wannan hari na ƙarshe ya nuna cewa batun masauki, wanda akan bar wa ɗalibi ya ji da shi a makon farko, batu ne na rai da mutuwa.

Rajista ta intanet, wadda ya kamata ta rage tafiye-tafiye, ita ma tana da iyaka. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda farmakin soja. Gusau ta samu nata bayan kimanin wata guda, sauran yankuna suka ƙara jira. Ko a lokacin da layi ke aiki, ɗaliban karkara da yawa suna dogara ne da masu shagon intanet, waɗanda kan buɗe musu shafi da lambar wayarsu ko adireshin imel nasu. Idan shagon ya rufe, ɗalibi ya rasa mabuɗin bayanansa.

Akwai wasu tsofaffin raunuka da sabbin ɗalibai ke ɗauke da su zuwa aji. Bashin da WAEC da NECO suka riƙa bin jihar ya sa an riƙe sakamakon ɗalibai na wasu shekaru, har sai da gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, ta ce ta biya. Ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa, kuma inda ruwa ya ci gida takardu ba su tsira. Yaran da suka rayu bayan annobar gubar dalma ta 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, wadda ta hallaka kimanin yara 400, yanzu sun kai shekarun shiga manyan makarantu, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimta.

Amfanin taron wayar da kai

A bisa al'ada, taron wayar da kan sabbin ɗalibai yakan ƙunshi jawabin shugaban makaranta da magatakarda da shugaban ɗakin karatu da jami'in tsaro, tare da gargaɗi a kan satar jarrabawa da ƙungiyoyin asiri da shigar banza. Daga nan sai bikin rantsarwa, inda ake sa riguna a ɗauki hotuna a aika wa dangi.

Gargaɗin yana da amfani, amma ɗalibin haɗin gwiwa yana da wasu tambayoyi da suka fi waɗannan gaggawa. Shin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da wannan kwas ɗin musamman a wannan kwalejin? Amincewa da wasu kwasa-kwasai ba ta game dukkansu ba. Lambar rajistar da aka ba shi ta jami'a ce ko ta kwaleji? Idan an yi kuskure a sakamakonsa, wane ofishi zai kai kuka? Idan malaman jami'a suka shiga yajin aiki, kamar na wata takwas da ASUU ta yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, su wa za su duba sakamakonsa ko da kwalejinsa tana buɗe?

Matsalar ita ce waɗanda suka fi buƙatar amsa su ne suka fi rasa taron. Ɗalibin da sunansa ya fito a jerin ƙarshe, ko ya jira aka sayar da amfanin gona kafin a haɗa masa kuɗi, ko ya jira hanya ta lafa, yakan iso an gama komai. Sai ya koma tambayar tsofaffin ɗalibai ko 'yan ƙungiyar garinsu, waɗanda ke da niyyar alheri amma watakila manhajar da suka bi an riga an sauya ta. Tambaya ba ta ɓata hanya, in dai an tambayi wanda ya sani.

Rashin sani kuma shi ne abincin 'yan damfara. Tun farkon shekarun 2000 NUC ta hana jami'o'i buɗe rassan bayan gida, kuma takan fitar da jerin haramtattun jami'o'i, wasunsu masu iƙirarin haɗin gwiwa da makarantun ƙetare. A watan Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa a watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Waɗanda suka kashe kuɗinsu da gaskiya a irin waɗannan wurare sun shiga cikin asarar.

Sabuwar doka

Dokar Kwalejojin Ilimi na Tarayya ta 2023 ta ba su ikon bayar da NCE da digirin ilimi da sunansu, ba tare da reno ba. A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soma aiwatar da ita ga kwalejojin da suka cika sharuɗɗa. Manufar ita ce a farfaɗo da kwalejojin, waɗanda masu neman shigarsu suka yi ƙasa matuƙa, a kuma rage wa jami'o'i cunkoso.

Inda dokar ta zauna daram, ɗalibi zai huta da yawo tsakanin ofisoshi biyu. Sai dai ta kwalejojin tarayya ce kawai. Kwalejin jiha, irin ta Maru, tana buƙatar majalisar dokokin jiharta ta gyara tata dokar, gwamnati kuma ta samar da malamai da kayan aikin da za su gamsar da masu sa ido. Hakazalika a lokacin sauyi ana iya samun rukuni biyu a haraba guda, masu ƙarasa digirin jami'ar da ta yi reno da masu soma na kwalejin kanta, kowane da manhajarsa. Akwai kuma tambayar da kasuwar aiki ce kaɗai za ta amsa ta, wato ko digirin kwaleji zai yi nauyi a idon masu ɗaukar ma'aikata kamar wanda ke ɗauke da tambarin Zariya.

Gyare-gyaren da yankin ke buƙata ba masu tsada ba ne. Makarantu za su iya maimaita taron wayar da kai ga waɗanda suka iso a makare, su fassara ƙa'idojin rajista zuwa Hausa, su kuma tsawaita wa'adi ba tare da tara ba ga waɗanda rashin tsaro ya tsare. Ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum za su iya ware jami'in da zai duba takardun ɗalibai, ya daidaita sunaye da ranakun haihuwa tun kafin su bar gida. Sarakunan yankin da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, waɗanda dama sukan taimaka da kuɗin fom, suna da rawar takawa a nan.

Ƙauyukan yammacin Zamfara suna fama da ƙarancin malamai, kuma baƙo ba ya son a tura shi inda ake tare hanya. Waɗanda za su yarda su koma su koyar a Bagega ko Gwashi su ne 'ya'yan yankin da ke tsaye a layin tantancewa a Gusau da Maru da Sakkwato. Duk wanda kuskuren rajista ya mayar gida ba takarda, aji guda ne a can ya rasa malaminsa.